Ɗan Farin da Ya Tashi Yana Ce wa Uwarsa Yaya

Ni ɗan fari ne. Tun da na buɗe baki na fara magana har ranar da muka kai mahaifiyata makwancinta, ban taɓa ce mata Inna ba, ban taɓa ce mata Mama ko Umma ba. Yaya nake ce mata. Ita kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta aike ni sai ta ce, "Kai, zo nan." In tana cigiyata wurin ƙannena sai ta ce, "Ina yayanku?" In da manya take magana, "yaron nan" ya wadatar. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai zaci akwai wata tsama tsakanina da ita. Ni kaina abin ya daɗe yana ci mini rai.

Asalin sunan ba wani abin mamaki ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 aka kawo ta amarya daga wani ƙauye a ƙasar Giwa zuwa Tudun Wadar Zariya, inda mahaifina ke da keken ɗinki a wata rumfa kusa da kasuwa. Kamar yadda aka saba, ba a bari ta zo ita kaɗai ba. An haɗo ta da ƙanwarta, yarinya ƙarama, ta zama 'yar zaman ɗaki, mai ɗebe mata kewa da zuwa aike tunda ita tana kulle. Wannan yarinya ce ta goya ni. A bayanta na yi wayo, kuma daga safe har dare abin da kunnena ke ji daga bakinta shi ne Yaya kaza, Yaya kaza. Ranar da harshena ya warware, abin da ya fito ke nan. Ba wanda ya gyara mini. Wa ma zai gyara? Uwar da ba ta cika ashirin ba, ga surukai suna shige da fice, in ɗan farinta ya ce mata Inna a gabansu ina za ta sa kanta? Sunan ya rufa mata asiri, domin mai ji daga zaure zai ɗauka ƙaninta ne ke magana.

Da lokacin yaye ya yi aka ɗauke ni aka kai ni ƙauye wurin kakata, wadda ta haife ta. Can na samu wadda zan ce wa Inna, don haka duk gidan ke ce mata. Ita ke dama mini kunu, a bayanta nake kwana, tana tsokanata da mijina ya ƙi kawo cefane, tana kiran sunana gatsal ba ko ɗar. Ban dawo Tudun Wada ba sai 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, da mahaifina ya ce a kawo ni a sa ni makaranta. Na dawo da Innata a can ƙauye, na tarar da Yayata a nan.

Gidan da na dawo gidan haya ne irin na Tudun Wada: zaure ɗaya, doguwar tsakar gida, ɗakuna a jere hagu da dama, rijiya a ƙurya, kowace mace da murhunta a ƙofar ɗaki. Unguwar tun asali ta baƙi ce. Birni na Zazzagawa ne, a cikin ganuwa. Sabon Gari, a hayin Kubanni, ya cika da mutanen kudu da jirgi ya kwaso tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Tudun Wada kuwa a bayan ganuwa aka ware ta zamanin Turawa, don 'yan arewa waɗanda ba 'yan gari ba: akawu-akawu, masinjoji, leburori, fatake, tsofaffin sojoji. Daga nan ayyuka suka yi ta ƙaruwa kewaye da ita. Ga kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma shi kansa editanta, Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara, a Tudun Wada ya yi gidansa. Ga makarantar horon ma'aikatan mulki ta Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ga babban asibiti, wanda ya zama asibitin koyarwa, kafin a mayar da shi Shika a 2005. Kowane wurin aiki ya jawo ma'aikata, kowane ma'aikaci ya koma garinsu ya ɗauko mata, kowace mace kuma ta zo da sunan da ake kiran uwa da shi a gidan ubanta.

Mai son ya ji arewa kaf a wuri guda, da ya tsaya a tsakar gidanmu da almuru, lokacin da yara suka dawo daga makarantar allo da yunwa, hayaƙi ya turnuƙe, ana kwashe tuwo a malmala. 'Ya'yan Basakkwaciyar da ke ɗakin farko, matar wani ɗan sanda, Inna suke cewa, da jan murya irin tasu. Na kusa da su 'ya'yan wata Bakanuwa ce, su Baba suke ce mata. Wannan ya rikita ni da farko, don ni Baba na sani shi ne uba, sai da kunnena ya saba na gane a sauti bambancin yake: in uba ake nufi murya daga ƙasa take farawa ta hau, in mace ce daga sama take farawa ta sauko. A rubuce dai duk ɗaya ne. Akwai Bafulatanar Adamawa, matar wani ma'aikacin asibiti, wadda 'ya'yanta ke ce wa Dada. Akwai Banufiya mai sayar da ƙuli-ƙuli, nata suna cewa Nna, a taƙaice kamar ana gaggawa. Akwai Bayarabiyar Ilori mai teburin kayan koli a ƙofar gida, nata suna cewa Mami, manya kuma suna kiran ta Iya wane. Wata ma'aikaciyar jinya daga kudancin Zariya, Mama ce ga 'ya'yanta, har ta zama Mama ga yaran gidan duka saboda ita ke duba mu in zazzaɓi ya tashi cikin dare. In kuma muka shiga birni ta Ƙofar Doka gaishe da dangin mahaifina, Iya da Gwaggo ne suka fi yawa a kunnena. Kowace a cikin matan nan ta san muryar nata. Yaro zai kwarma Inna daga zaure, Innoni biyu na tsugune a bakin murhu, amma ɗaya ce za ta ɗago kai.

Ina yaro na ɗauka abin na gari ne kawai: Sakkwatawa kaza, Kanawa kaza, Fulani kaza. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Gari yana ba da sunayen da za a zaɓa, gida ne ke zaɓa, kuma gidan ma ba zama yake yi ya yanke shawara ba. Yaro abin da ya ji yake ɗauka. Saboda haka in ka ji babban mutum yana kiran mahaifiyarsa da wani suna, ka kasa kunne da kyau, labarin zaman aurenta yake ba ka bai sani ba.

Wanda ke ce wa tasa Gwaggo, sau da yawa za ka tarar ta taɓa zama a gidan ubanta cikin 'ya'yan 'yan'uwanta maza, ko don aure ya mutu, ko don miji ya rasu, ko don goyon ciki da wankan jego sun yi tsawo. Yaran gidan suna ce mata Gwaggo, nata ya bi sahu. Wanda ke cewa Adda, akwai Fulani a jikinsa, kuma ƙannen uwarsa ne suka raine shi. Ina da aboki tun na firamare da ke ce wa tasa Amarya har ya yi furfura, har ita ma ta zama kakar jikoki, saboda ita ce ta ƙarshen shigowa a gida mai mata huɗu, kuma ba a sake kawo wata bayanta ba. Masu cewa Anti yawanci 'ya'yan matan da suka yi boko ne, waɗanda aka auro su kan uwargida, yaran gida suka laƙaba musu sunan tun ranar da aka kawo su. Hajiya kuma sai bayan an sauke farali, shi ya sa za ka ga gida ɗaya manyan 'ya'ya suna cewa Iya, auta yana cewa Hajiya, ka san tsakaninsu aka hau jirgi. A gidan da ke da mata da yawa, dole kowace ta samu nata sunan don kada kira ya haɗu: uwargida Inna, mai bi mata Gwaggo, ta uku Mama, amarya Anti. Kuma duk yaran gidan da shi za su kira ta, wanda ta haifa da wanda ba ta haifa ba. A gidan mutunci baƙo zai yi mako bai gane ɗan wace ɗaka ne wannan ba. Yaron da ya kuskura ya ce matar babana a gaban manya, ranar zai sha faɗa, don ɗa na kowa ne, uwa ma haka.

Duk wannan daga baya na fahimce shi. A lokacin, abin da ke gabana shi ne raina da ke ɓaci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan da matan gida ke kiran mahaifiyata. Maman wance suke ce mata, da sunan ƙanwata mai bi mini. Ni da na riga kowa zuwa, an tsallake ni. Da sun gwada haɗa ta da sunana ma ba za ta amsa ba. Ga Bayarabiyar nan a ƙofar gida, da sunan ɗanta na fari ake kiran ta, tana amsawa da fara'a, don a wurinsu abin alfahari ne. A Islamiyya kuma malam ya koya mana cewa Larabawa ma haka suke yi, Uwar Muminai Ummu Salama da sunan ɗanta Salama aka san ta. Sai in dawo gida in zauna a bakin rijiya ina tambayar kaina, ni me na yi? Ranar da na zo na ɗaya a aji na shigo da gudu da takardar sakamako, na tarar tana tankaɗe. Na miƙa mata. Ba ta karɓa ba, ba ta ɗago ba, ta ce, "To. Kai wa babanku." Ta ci gaba da buga rariya. Da yamma ina gani ta ɗora auta a cinya tana yi masa wasa don kawai ya iya tafa hannu. In ta zuba mini abinci, ƙanwata take ba ta kawo mini. In na yi rashin lafiya, ma'aikaciyar jinyar nan ce ke zama a kaina, ita tana daga bakin ƙofa tana tambaya, "Yaya jikin nasa?" Yaro ba ya sanin al'ada, abin da ya gani a fuska shi ya sani.

Da na girma na shiga karatu mai zurfi, na ci karo da littafin Baba ta Karo, wanda Baturiya Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Da yawa in sun ga sunan sai su zaci namiji ne, alhali Baba ce irin ta maƙwabciyarmu Bakanuwa. A ciki tsohuwar ta yi bayanin kunyar ɗan fari kamar a ɗakinmu ta zauna: ba a kama sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ana kai shi riƙo wurin dangi. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan 'yan'uwa, ta aurar da su, ta zama uwa cikakkiya. Na karanta na gane ba a kaina aka fara ba, kuma a ƙasar da mahaifiyata ta fito abin ya yi ƙarfi ƙwarai, balle ga mai jinin Fulani irinta. Amma sanin dalili daban, sanyin zuciya daban. Kaina ya gamsu, ƙirjina bai sake ba.

Wata dillaliya ce ta sake mini shi.

Shekarar da zan rubuta jarrabawar gama sakandare ta zo daidai da tsananin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986. Kaya sun yi tsada, masu kawo ɗinki sun ja baya, idon mahaifina kuma ya fara rauni har zare sai an zura masa a allura. Aka ce a kawo kuɗin jarrabawa, wa'adi ya matso, na fara cire rai. Wata safiya bayan sallar asuba ya kira ni zaure ya miƙo mini kuɗin a naɗe cikin takarda, ya ce, "Allah Ya kawo." Ban tambaya ba. Na dai lura a 'yan kwanakin nan cewa kabad ɗin ɗakin mahaifiyata ya yi fayau. Kwallaye da samiru da tasoshin da aka yi mata jere da su, waɗanda take saukewa duk jajibirin salla ta wanke ta goge ta mayar ɗaya kan ɗaya, babu su. Ƙanwata ta tambaya, aka ce mata an ara wa masu biki.

Sai ranar da aka kawo amaryata, mata sun cika gida ana kallon jere, wata tsohuwar dillaliya da ta daɗe tana shiga gidajen unguwarmu da ƙullin kaya a ka ta kamo hannuna ta ja ni gefe. Ta ce, "Ɗan nan, yau dai zan sauke nauyi, tunda ka zama mutum. Ka san kwallayen uwarka ni na fitar da su? Cikin dare, a naɗe cikin zane, sawu-sawu don kada matan gida su gani. Ta ce in kai wa babanka kuɗin, in kuma na bari ka ji ba ta yafe ba. To ni na tsufa, in ta ƙi yafewa sai ka roƙa mini." Ta yi dariya ta koma cikin mata. Ni kuwa na tsaya a soro, babbar riga a jikina, abokai suna jirana, na kasa ɗaga ƙafa. Duk wanda ya san macen Bahaushe ta wancan zamani ya san mene ne jerenta a wurinta. Shi ne ajiyarta, shi ne mutuncinta a idon kishiya da maƙwabta, shi take tattali don ranar da za ta aurar da 'yarta. Shi ta kwashe kaf saboda yaron da ba ta iya kallon takardar sakamakonsa.

Ban iya yi mata maganar ba, kuma na san ba za ta bari ba. Da albashina ya ɗan taru na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo kwallaye da samiru, na sa aka shigar mata da su ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi kayan, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wa ya sa ka?" Na yi shiru. Sai ta juya wajen ƙanwata, ni ina durƙushe a gabanta ba ko taku biyu tsakaninmu, ta ce, "Ki ce wa yayanku Allah Ya yi masa albarka. Allah Ya ba shi masu yi masa." Muryarta na rawa. Ban taɓa jin kalmar da ta kai wannan nauyi ba a rayuwata.

Ba zan ce kunyar ɗan fari alheri ce tsantsa ba. Na san waɗanda ta yi wa illa, waɗanda ba su samu kaka mai jan su a jiki ba, ba su kuma samu dillaliyar da za ta buɗe musu ido ba, suka girma da tabo har suka binne iyayensu ba su san an so su ba. Na sha jin malamai a wa'azi suna cewa addini bai hana uwa kiran sunan ɗanta ko nuna masa ƙauna ba, kuma na yarda da su. Yaro yana da haƙƙin ya ji da kunnensa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa iyayenmu na da ba su iya so ba, ko sun jahilci tarbiyya. Sun so mu so mai tsanani, har suka ga bai kamata a baje shi a tsakar gida ba. Tarbiyyarsu ta ce abin da ya fi soyuwa gare ka shi za ka fi kawar da kai daga gare shi a gaban jama'a, don kada a ce ka cika son kanka, don kuma ɗan ya zama na dangi duka. Ana iya cewa hanyar ta yi tsauri. Ba a iya cewa babu zuciya a cikinta.

Da za mu yi aure, matata, wadda 'yar birni ce kuma ta yi boko, ta ce ita kam ba za ta yi wannan kunya ba, ɗanta na fari za ta kira sunansa ta rungume shi a gaban kowa. Na ce na goyi baya. Allah Ya ba mu 'ya mace, ranar suna aka raɗa mata sunan mahaifiyata. Daga ranar bakina ya kasa furta sunan, don ban taɓa furta shi ba tun da nake. Ita ma matata ba ta iya kama sunan surukarta. Haka muka haɗu a kan Mama, kamar yadda dubban gidaje ke da Ummi da Uwani da Mami da Walida, ga kuma Abba da Baffa da Babangida a ɓangaren maza, duk takwarorin kakanni ne da aka sakaya sunansu. Rungumar kam mun yi, ba mu rage komai ba. Amma ranar da na ɗauki jaririyar na ce mata Mamana, na ji kalmar ta fito daga wani wuri da ya daɗe a rufe. A lokacin ne na ɗanɗana abin da mahaifiyata ke ji: akwai sunan da girmansa ne ke hana shi fita.

Ita kuwa da aka kai mata takwararta, sai ga wata mace da ban taɓa gani ba. Ta karɓe ta ta goya, tana zagaya tsakar gida tana yi mata kirari, tana cewa kishiya ta zo ƙwace mata miji, tana dariya har da hawaye. Duk abin da ta riƙe shekara da shekaru ta juye shi a kan yarinyar nan a gabana. Na san rabona ne ake biya.

Yau aikina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Zariya, kuma akwai tambayar da nakan yi wa ɗalibai in mun zo darasin dangantaka: me kuke ce wa iyayenku mata, me kuma iyayenku ke ce wa nasu? Amsar farko ba ta da yawa: Mama, Umma, Ummi, Ammi, Momi. Amsa ta biyu ce ke cika allo: Inna, Iya, Gwaggo, Baba, Dada, Nene, Adda, Yakumbo, Hajiya Babba. Cikin tsatso biyu kacal abin ya tsuke haka. Umma da Ummi sun bazu tare da makarantun Islamiyya da karatun Larabci da suka yawaita tun daga wajen 1980, Momi kuma ta shigo ta makarantun nazare masu kuɗi da talabijin. Ko a Maradi, 'ya'yan ma'aikata Maman ta Faransanci suke cewa. Ga shi kuma zama ya sauya: ango da amarya su kaɗai a fulat, ba 'yar zaman ɗaki, ba kishiyoyi a tsakar gida ɗaya, ba yaye a gidan kaka. Yanzu uwa ce ke zaɓar sunanta tun tana da ciki, ta koya wa yaro da bakinta. Ban ga laifin wannan ba. 'Ya'yana Umma suke ce wa uwarsu, autarmu ta dawo daga nazare da Momi, ba wanda ya tsawata mata.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da sunayen nan ma'aunin arziki. A finafinanmu da littattafan da matasa ke karantawa a waya, in aka ce Momi, ka san za a nuno ta a falo, ga gwal ga mota a waje. In aka ce Inna ko Iya, to tana bakin murhu da tsumman zane, ko ita ce mai aikin gidan, ko muguwar tsohuwa mai bin bokaye. Yara suna kallo, suna ɗauka. Wata rana a aji wani yaro daga cikin birni, da layi ya zo kansa, ya sunkuyar da kai ya ce "Iya" a hankali, sai ajin ya fashe da dariya. Na ga yadda kunnuwansa suka yi, na ajiye alli. Na tambaye su ko sun san Iyan Zazzau. Suka ce sun sani, babban basarake ne, suna ganin tawagarsa a hawan salla. Na ce to a Zazzau ta dauri, kafin jihadi, Iya sarautar mace ce a fada, daga baya ne ta koma hannun 'ya'yan sarki maza. Na faɗa musu cewa a Maradi har yanzu ana naɗa Iya, a Gobir ana naɗa Inna, mata masu faɗa a ji a masarauta, kuma a Kano mahaifiyar sarki ba a kama sunanta, Mai Babban Ɗaki ake cewa. Sunan da kuke yi wa dariya, na ce musu, sarakuna sun durƙusa wa masu shi. Ajin ya yi tsit. Da aka tashi yaron ya biyo ni har ofis, bai ce komai ba, ya karɓi littattafaina ya riƙe mini har bakin titi.

Ina roƙon marubutanmu da masu shirya fim su daina wannan rabo. A nuna mana likita mai ce wa uwarsa Inna, a nuna Gwaggo mai hankali da wadata, don akwai su a kowace unguwa, na san su a Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun. Ina roƙon matasan iyaye kuma, in yaronku ya tashi da wani suna da ya tsinta a bakin ƙanwarki ko kakarsa, kada a murɗe masa baki don a ji kun waye. Ku dai kira shi da sunansa, ku gaya masa kuna son sa tun yana iya ji.

Kai kuma mai karatu, in taka tana raye, je ka gaishe ta, ka tambaye ta wa ya fara kiran ta da sunan da kake kiran ta da shi, a wane gida, su wa ke zaune a gidan a lokacin. In ta yi nauyin baki, nemi ƙanwarta ko wata tsohuwar maƙwabciya, su ba sa rowar labari. Ka rubuta abin da suka faɗa maka ka ajiye wa 'ya'yanka. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya kuwa, Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya saka musu da Aljanna Firdausi.